Bidiyon da Hasiya Ta Kawo Aji a Lome

Mun tashi da asuba daga Zariya, ni da abokiyar aikina, kowacce da jakarta da ledar magani. Wata ƙungiyar ɗaliban Zango, unguwar Hausawa, ce ta gayyace mu Lome don mu yi wa 'yan jami'a bita kan abin da nake koyarwa a ajin rubutu, wato yadda ake feɗe jawabi ko bidiyo a gano dabarar mai magana. Hanyar Legas ba sai na ba ku labarinta ba, wanda ya bi ta ƙugunsa ya sani. Daga iyakar Seme zuwa Kwatano har bakin iyakar Togo kuwa, na gaji da ciro fasfo har na daina mayar da shi jaka. Da muka canza naira zuwa sefa muka ga abin da aka miƙo mana, nan take muka soke zancen tsaraba.

A Zango aka sauke mu, can arewa da gari, kullum safe 'yan zemijan, wato 'yan acaɓarsu, ke kai mu unguwar Tokoin inda ake bitar. Iskar teku na sa jiki danƙo, wanka ba ya maganinta. Hausar Zango daɗi gare ta: rabi tamu ce, sauran Faransanci da yaren Mina, mace ma sai ka ji an ce "ya zo". Na ci ayimolu, shinkafa da wake ke nan da yaji mai sa hawaye, na kuma ci soyayyar doyar da suke kira koliko har abokiyata ta fara yi mini gori.

Ranar farko na kunna wa ɗaliban jawaban 'yan siyasa da tallan maganin ƙiba, muka sha dariya. Na koya musu su riƙa tambaya: wa ke magana, da wa yake yi, me yake so a aikata bayan ya yi shiru, me kuma aka hana kyamara nunawa. Da za mu tashi na ce gobe kowa ya zo da bidiyo daga wayarsa.

Wata ɗaliba marar yawan magana, Hasiya, ita ta fara miƙo tata. Wani saurayi ne cikin jibgegiyar rigar sanyi, yana cewa ya isa Kanada lafiya, aiki ya samu, kuma saura gurbi ɗaya tak, a turo ƙaninsa kafin a cike. Ajin ya far wa bidiyon kamar an zuba wa kaji dawa. Wannan ya ce da Baba yake gaisawa amma ƙanin ake yi wa duk zaƙin bakin. Waccan ta lura ya ce kada a gaya wa kowa saboda mahassada, ta ce wannan toshe bakin masu ba da shawara ne. Aka ga zufa na bin wuyansa a ƙasar da ya ce ƙanƙara ke zuba. Aka ƙara sauti, sai ga ƙarar fanka da carar zakara. Kafin kowace jimla kuma sai ya saci kallon gefe, inda wani yake tsaye. Ni kuwa daɗi ya cika ni, na ce wannan aji ya fi nawa na gida, na tambayi Hasiya a ina ta samo misali mai kyau haka.

"Madam, yayana ne Mubarak," in ji ta. "Ƙanin nasa, Sadiku, zai bi shi ran Asabar."

Wani ɗalibi ya ce irin haka ta faru a layinsu: a kai ka wani gida a maƙwabciyar ƙasa da sunan jiran takardu, a karɓe wayarka, ba a ba ka ita sai za ka kira na gida ka jawo wani.

Hasiya ta roƙe ni in je in yi wa mahaifinta bayani, wai zai fi jin babba. Bayan la'asar muka je. Alhaji mai sayar da kayan babur ne, dattijo mai fara'a, ya sa aka shimfiɗa mana tabarma a tsakar gida. Uwar ta kawo ruwa tana cewa in taya su godiya ga Allah, ɗansu ya tsallaka. Sadiku na ta gwada zip ɗin sabuwar jakarsa. Na bi bidiyon da Alhaji daki-daki, da duk ladabin da na iya. Ya saurare ni har ƙarshe.

"Malama, kin san ɗana?"

Na ce ban san shi ba.

"To ni na haife shi, bai taɓa yi mini ƙarya ba."

Na ce ai ba ƙarya nake cewa ya yi ba, sa shi aka yi. Ya ce zufa ta ɗumin ɗaki ce, kuma Turawa ma suna kiwon kaji. Raina ya ɓaci har na ɗaga murya a gidan mutane, abin da ba halina ba. Sai daga baya na gane cewa in ya yarda da ni, ya yarda ke nan ɗansa na hannun mugaye, kuma shi ya raka shi tasha. Ya juya ga Hasiya ya ce in abin da ake koya mata ke nan, zargin ɗan'uwanta, gara ta zauna a gida. Muka yi sallama ba wanda ya raka mu ƙofa.

Ran Asabar muka kamo hanya, shi ma Sadiku ya kama tasa. Ban ci komai ba har Kwatano, abokiyata ma ta bar tsokana. Mun iso Zariya lafiya, ƙafa a kumbure.

Abin da tafiyar ta koya mini ba mai daɗi ba ne. Shekara da shekaru ina gaya wa ɗalibai cewa wanda ya iya feɗe magana ba a yaudararsa, ban taɓa gaya musu abin da za su yi ba in sun gane, amma wanda ke da iko da gidan bai gane ba. Na buɗe wa yarinya ido na hau mota na bar ta da abin da ta gani.

Shekaranjiya ta turo mini saƙo. Sabon bidiyo ya iso, Sadiku ne ke magana, Alhaji har ya nuna wa mutane a masallaci.

"Madam, na feɗe shi yadda kika koya mana," ta rubuta. "Wannan karon ni ake kira, kuma Baba ya ce in shirya."