Shekarar da Na Yi Farin Jini

Ban taɓa yin farin jini irin na shekarar da ƙanena ya kawo wata harkar intanet ƙauyenmu ba, can wajen Gwiwa. Wai ka zuba kuɗi su ninka, amma sai ka kawo mutum biyu. Ƙauyen namu ƙarami ne. Kafin a gama roron gyaɗa kowa ya shiga, mutane sun ƙare, saura ni. Har wanda ba ya amsa sallamata ya fara zuwa gaishe ni.

Na ce wa ƙanena, "To ni wa zan kawo?"

Ya ce, "Yaya, Allah zai kawo."

Na je na sayi akuya da kuɗina. Ba a jima ba shafin ya rufe, gaisuwa ta ɗauke. Akuyar ta haifi biyu. Ita bunsuru ɗaya kawai ta nemi in kawo, shi ma aro na yi.