Dattijo Mai Sansanar Waya

A kasuwar albasa ta Aliero Malama Zipporah ta hango shi, tana jiran a auna mata ta miya. Dattijo ne dogo, busasshe, rigarsa ta koɗe a kafaɗa, yana tsugune gaban buhunansa. Hannunsa ba ya hutawa: ya ɗauki albasa ya latsa wuyanta da babban yatsa, ya kai hanci, ya ajiye. Da gani manomi ne, wataƙila daga Danwarai, irin waɗanda ke ɓoye amfaninsu har damina ta faɗi, domin yanzu albasa ta fi naira daɗewa ba ta lalace ba.

Wani dillali mai farar shadda yana tsaye kansa, yana haska masa waya.

"Baba, kuɗin bara bana ko taki ba su saye. Bari in biya ka da kirifto, dalar waya ce, ba ta narkewa."

Zipporah ta kasa kunne, don ita ma can take tura rabin albashinta duk wata.

Dattijon ya karɓi wayar da hannu biyu, ya juya ta, ya latsa gefenta, sannan ya sansana ta a tsanake. Babu wanda ya yi dariya. Ya miƙa wa mai ita.

"Naira dai tun ga aljihu nike jin warinta," in ji shi. "Wagga da ba ta wari, ƙaƙa zan san ranar da ta ruɓe?"

Ya jawo wata albasar.