Ƙudan da Kaka Ta Kama a Dajin Abbey Wood

Shekarar da council, wato ƙaramar hukuma, ta ce mu tashi daga flat ɗinmu, gidan da muke haya a Abbey Wood ta Landan, ba mai iya zama wuri ɗaya a gidanmu. Baba kullum yana kan waya, yana nema mana wani gida irin namu. Mama ta ɗaure kaya ta kwance, don ba a faɗa mana inda za a kai mu ba. Kakata ta wajen uwa, Asabe, da ta zo daga Zariya, ita ma ɗaki ya ishe ta. Da la'asar sai ta ja ni mu shiga dajin bayan unguwa.

A can wata rana wani ƙwaro mai ratsin rawaya da baƙi ya tsaya cak a iska gaban hancina. Na kwasa da gudu, na ɗauka zanzaro ne. Kaka ta jira ya sauka kan fure, ta rufe shi da tafin hannu, ta kira ni. Bai harbe ta ba. Ta ce in dubi idanunsa, ƙuda ne.

Bayan magariba muka zauna gaban hita, wutar jin ɗuminmu ke nan, ta ce mu matso, tatsuniya ta iso. Wai an haifi wani ƙuda a kogon tsohuwar bishiya, cikin ruwan ruɓaɓɓen itace. Tsuntsaye suka hana shi sakat, sai ya ari rigar zanzaro, suka ƙyale shi. Amma ranar da masu gatari suka sare bishiyar, rigar ba ta tsinana masa komai ba. Ya yi ta shawagi daji daji yana neman wani kogon.

Ƙanena ya tambaya da Turanci ko ya samu.

"Ya samu mana," in ji Kaka. "Amma sai da ya daina neman irin na da."

Baba yana tsaye bakin taga. Ya ajiye wayar, ya zo ya zauna.

Daga baya unguwar Dagenham aka kai mu. Kaka ta koma Zariya, a can ta rasu. Da na girma na karanta cewa irin ƙudan nan lallai a tsofaffin dazuzzuka yake hayayyafa, inda itace ke ruɓewa.

Na daɗe ina zaton mu yara ta yi wa tatsuniyar. Sai da na yi ta tashin gida da nawa 'ya'yan na gane da surukinta take, wanda kunya ba za ta bar ta ta yi masa nasiha ido da ido ba.