Ƙarar Keken Da Na Kai Har Doguwa

Da za a ba ni dama in goge abu ɗaya cikin abin da na aikata da girmana, wannan tafiya zan goge. Keken da na lalata da hannuna na ɗauka na zaga da shi garuruwa, ina neman wanda zan ɗora wa laifi, kuma na same shi.

Ni manomin rani ne a wani ƙauye kusa da Bebeji, inda aka zaunar da iyayenmu bayan ruwan Tiga ya ci garinmu. Shekarun baya na sayi sabon keke a shagon Alhaji Sabo a Kiru, irin mai arahan nan da yake zuwa a kwali sai an haɗa. Alhaji ya rubuta mini garantin wata uku a bayan rasit: in ƙarfe ya tsage ko ƙafa ta lanƙwashe ba tare da haɗari ba, zai canza mini. Sharaɗinsa biyu ne. In mayar da keken bayan sati guda a sake ɗaure wayoyin ƙafa, kuma kada wutar walda ta taɓa shi.

Duka biyun na karya. Ban mayar ba, don lokacin cire albasa ne. Sannan na yi abin da kowane manomi a wajenmu yake yi wa sabon keke: na kai wa mai walda ya liƙa masa kariyar kaya ta rodi mai ɗaukar buhu biyu. Cikin sati shida ƙarfen da ke ƙarƙashin sirdi ya tsage, ƙafar baya ta kama rawa. Sai na sa aka yanke kariyar, na goge wurin, na shafa baƙin fenti, na naɗe da salatif mai launi kamar ado, na mayar da ƙaramar kariyarsa ta asali.

RANAR FARKO: GIDA ZUWA KIRU

Na fito ƙarfe shida saura kwata, bayan sallar asuba. Maiɗakina Hajara ta raka ni zaure da ƙullin dabino, ta tambaye ni ko Alhajin makaho ne da ba zai ga abin da ke ƙarƙashin salatif ba. Na ce mata ta koma ciki.

A hankali nake tuƙi, ƙafar baya tana gugar birki duk juyi. Bakwai da rabi na isa Ƙofa, nan feda ta hagu ta saki. Wani mai faci a bakin titi ya buga mini sabuwar kota, ƙusar da ke riƙe feda, ina shan koko da ƙosai. Kafin ya miƙo mini keken ya ɗaga ƙafar gaba ya juya ta, ya tsaya yana kallo har ta tsaya da kanta. Ya ce duk wanda ya haɗa wannan ƙafa ya san aikinsa, keken ne dai na banza.

Na shiga Kiru goma saura. Alhaji Sabo mutum ne mai fara'a, sa'ar ƙanena. Ya sa aka ba ni kujera da ruwa, muka gaisa har da tambayar gona, kafin ya karɓi rasit. Na ce masa haɗin banza aka yi wa keken, shi ya sa ya tsage. Ya dubi salatif ɗin, ya dube ni, bai taɓa shi ba. Ina jin nauyin furfurata ya ji.

Ya kifa keken ya nuna mini wata alama a ƙasan inda feda take, ɗigo uku da aka buga da ƙusa. Ya ce kowane mai haɗi a shagonsa da alamarsa, wannan ta Malam Tanimu ce. Ƙa'idarsu ita ce ba a canza keke sai wanda ya haɗa ya gani da idonsa. In laifin kamfani ne, shago ya ɗauka. In na haɗi ne, mai haɗi ya ɗauka. Malam Tanimu kuwa ya tafi garinsu Doguwa gyaran gona, sai bayan sati uku, lokacin garantina ya kusa ƙarewa.

Sai ya rage murya ya ce, “Baba, zan faɗa maka gaskiya. Shekara ashirin yana haɗa mini keke, amma idonsa ya fara rauni. An kawo ƙara biyu bana. In taka ta zama ta uku, sai dai ya huta.”

Na ji wannan magana da kunnena. Duk da haka na ce ni ba zan jira ba, zan kai masa keken har gida. Alhaji ya yi mini kwatancen gidan, ya kuma ba ni kuɗin motar keke daga aljihunsa.

KWANAR ƊANGORA ZUWA TUDUN WADA

A-kori-kura ta kai ni Kwanar Ɗangora sha biyu da rabi. Na yi azahar, na ci shinkafa da wake, na jira motar Tudun Wada ta cika har ƙarfe uku. Direban, wani dogo mai barkwanci, ya ɗaure keken a saman buhunan taki. Da ya ji inda za ni, ya tambaya ko masu gyaran keke sun ƙare ne a Bebeji, ko kuwa aljanu ne da keken sai an kai shi dutse. Fasinjoji suka yi ta dariya. Na ce haƙƙina nake bi. Ya ce to Allah ya sa haƙƙin ya fi kuɗin mota.

Hanyar ta ba ni sha'awa. Ƙasa ja, gonaki an share su tsaf ana jiran ruwa, garken shanu suna gangarawa kudu. Mun tsaya a shinge biyu, ba a ɓata mana lokaci ba. Biyar saura muka shiga Tudun Wada. Motar Doguwa ta ƙarshe ta riga ta tashi, don direbobi ba sa son yamma ta yi musu a dajin Falgore.

Na yi magariba a wani masallaci kusa da tasha. Limamin, Malam Ayuba, bai san ni ba, amma da ya ga baƙo da keke sai ya ja ni gidansa. Aka kawo tuwon masara da miyar kuka, aka shimfiɗa mini tabarma a zaure. Na ba shi labarin keken yadda na tsara shi. Ya saurara har ƙarshe, bai ƙaryata ni ba. Ya dai tambaye ni mai haɗin nan ’ya’yansa nawa. Na ce ban sani ba. Ya ce in na je in ƙirga.

RANA TA BIYU: FALGORE DA DOGUWA

Mun tashi takwas da kwata a ƙaramar bas, keken a ɗaure a baya. Ban taɓa ratsa Falgore ba sai ranar. Itatuwa dogaye a gefe da gefe, sanyi ya sauko, birai suna tsallake titi ba gaggawa. A shingen tsakiyar daji wani soja ya nemi rasit ɗin keken. Ya karanta har bayansa, ya ce ashe har keke yana da garanti, ya yi mana fatan sauka lafiya. Bayan daji sai duwatsu suka bayyana, shuɗi-shuɗi daga nesa. Wani dattijo a kusa da ni ya nuna mini ɓangaren Riruwai, inda ya ce mahaifinsa ya yi haƙar kuza.

Sha ɗaya da rabi na sauka a Doguwa. Gidan Malam Tanimu bai yi wuyar samu ba, kowa ya san shi. Gajeren mutum ne, bai kai ni shekaru ba, da tabarau mai kauri ɗaure da zare. Yana jin daga shagon Alhaji nake ya karɓi keken ya jingina, ya ce ba a duba ƙarfe kafin a duba baƙo. Aka kawo fura da nono mai sanyi, bayan azahar kuma dambu da zogale. Ban ƙirga ’ya’yan ba, amma takalman da ke ƙofar gida sun ishe ni.

Bayan la'asar muka zauna gindin mangwaro a ƙofar gidansa. Maƙwabta huɗu suka taru, don labarin mutumin da ya kawo ƙarar keke daga Bebeji ya riga ya zaga. Na maimaita maganata, har da ɗaga murya. Malam Tanimu ya kifa keken, ya shafa ɗigo ukun da yatsa, ya ce nasa ne. Sannan ya bi wayoyin ƙafar baya ɗaya bayan ɗaya, yana ɗan fizgar kowacce kamar mai kaɗa garaya, kunnensa a kusa. Ya kai hannu kan salatif, ya bi da babban yatsa sau biyu, ya tsaya.

Sai ya juya ya ce wa maƙwabtan rana ta yi sanyi, su je su duba dabbobinsu. Suka tashi. Muka rage mu biyu.

“Malam Hadi,” ya ce, “wuta ta taɓa nan. Rodi ne?”

Na ce rodi ne.

“Buhu nawa?”

“Biyu. Wani lokaci da ɗan ƙari.”

Ya yi murmushi ya ce albasa ce, don har yanzu yana jin ƙamshinta a sirdi. Bai yi faɗa ba. Ya bayyana mini cewa ƙarfen irin wannan keke siriri ne kamar gwangwanin madara, in wutar lantarki ta taɓa shi sai ya gasu ya yi taushi. Kariyar kaya da kusoshi ake ɗaura ta, a jingina nauyinta a kan ƙarfen tsakiyar ƙafa. Wayoyi kuma sabbi ne, dole su saki bayan sati, shi ya sa ake cewa a dawo.

RANA TA UKU: GYARA DA KOMAWA

Da safe ya fara aiki ƙarfe bakwai. Na ga masu gyara da yawa, ban ga irinsa ba. Ya yanko guntun ƙarfe daga wani tsohon keke, ya zura cikin wanda ya tsage, ya kai wa mai waldar gas ya tsaya a kansa yana cewa rage wuta, ƙara kaɗan. Ya kwance ƙafar baya gaba ɗaya ya sake saƙa ta, idonsa kusan a rufe, kunne da yatsa suna yi masa aiki. Da ya gama ya juya ta, ba ta kauce ko kaurin farce ba. Na fito da kuɗi, ya ce keken da alamarsa, ba ya karɓar ladan abu ɗaya sau biyu.

Na tambaye shi me zai ce wa Alhaji. Ya ɗauko waya ya kira shi a gabana. Bayan gaisuwa ya ce, “Baƙonka ya iso, na gyara masa, magana ta wuce.” Alhaji ya tambayi laifin wane ne, ina jin muryarsa. Malam Tanimu ya ce ai ta wuce, ya yi sallama. Ya dube ni ya ce shi ba zai tona dattijo a waya ba. Kiru a kan hanyata take, in na ga dama in biya in faɗa da bakina. Na ce insha Allahu.

Ya raka ni tasha sha ɗaya, da ƙullin masara da citta. Muka ratsa Falgore lafiya, na canza mota a Tudun Wada ƙarfe biyu, huɗu da rabi na sauka a Kwanar Ɗangora. Motar Kiru tana gabana, saura mutum biyu ta cika, ɗan kamasho yana kira. Na yi rabin sa'a a tsaye riƙe da keken. Na tuna kujerar da Alhaji ya ba ni, da kuɗin motar da na karɓa, na rasa fuskar da zan shiga shagon da ita. Na ce wa kaina yamma ta yi, sai ran kasuwa. Na hau keken na nufi gida. Bai taɓa tafiya da daɗi irin na ranar ba. Na isa bayan magariba, Hajara ta karɓi masarar.

Ran kasuwa ta zo ta wuce, damina ta sauka, na shiga shuka. Sai bayan wata biyu na je Kiru. A inda ake haɗa kekuna na tarar da wani mutum daban. Na faɗa wa Alhaji komai. Ya ce shi shirun Malam Tanimu ya ɗauka amsa laifi ne, ya sallame shi tun a wancan satin. Wanda ya ɗauka yanzu shi ma mai iyali ne, ba zai kore shi ba gaira ba dalili. Ya kira Malam Tanimu a gabana ya ba shi haƙuri, ya miƙo mini wayar. Malam Tanimu ne ya fara tambayata ko ƙafar bayan tana rawa. Na ce a'a. Ya ce to alhamdulillahi, ya yafe, in gaida iyali.

Bai koma Kiru ba. Yana Doguwa yana faci da ɗaurin waya a gindin mangwaronsa, aikin da bai kai rabin na shago ba.

Ina godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, ga Malam Ayuba da ya sauki baƙon da bai sani ba, ga Alhaji Sabo da ya mutunta ni fiye da yadda na cancanta, sannan ga Malam Tanimu. Roƙona ga mai karatu shi ne, in ka lalata kayanka, ka ɗauki asararka. In kuma wani ya rufa maka asiri ya bar maka gaskiya ka faɗa da bakinka, ka faɗe ta a ranar. Ni rabin sa'a na tsaya a tasha ina jin kunya, wani ya rasa aikin shekara ashirin.