Gurbin Baƙo a Bangon Gwaggo Tumba

Shekara arba'in ke nan da rasuwar Gwaggo Tumba, ƙanwar mahaifina da ta raine ni, amma har yau ina mafarkinta tana danna fasasshen tangaran a ɗanyen yaɓe.

Sana'arta ke nan. Da damina, in mun koma bukkokin gona a gefen Kebbe, sai ta bi bango da guntayen faranti da madubi, har hasken safe ya riƙa yawo a ɗaki kamar kifi a ruwa. Kaka na yi mu tashi, bukka ta zube, ita ko waiwaye ba ta yi. Abu ɗaya ne ba ta fasawa: kusa da ƙofa takan bar fili kamar tafin hannu, gurbin baƙo. Duk wanda ya kwana, zai jiƙa wurin ya danna nasa guntun.

Kwanan baya jikata mai karatun zane ta nuna mini aikinta a waya: rabin gado, ƙofa ba bango, ɗakin da mai shi ya tashi. Wai shi ake yayi. Na yi dariya. Da Gwaggo ta gani, za ta ce yarinya ta iya, sai dai ba ta bar wa kowa wuri ba.

Shekarar da aka samu 'yancin kai aka kai ni Tambuwal, Gwaggo ce ta yi mini ɗaki. Ni kuwa amaryar malamin makaranta, kaina ya yi girma. Na ga gurbin nan kamar giɓi a baki, na sa aka shafe shi da siminti. Rashin sani ya fi dare duhu.

Bayan wata biyu ta zo ganin ɗaki. Ta shafa wurin, ta daɗe.

"Ɗiyata, wa yal liƙe wurin ga?"

"Ni ce, Gwaggo. Na zaci kin manta."

"Ba mantuwa niy yi ba," ta ce. Ta yi la'asar ta koma, ba ta kwana ba.

Bangonta ko ɗaya bai rage ba. Da muka buɗe kayanta bayan addu'ar uku, na tarar da guntun kwanon da take ba ni fura ina ƙarama, ƙulle a tsohon ɗankwali. Na gane ƙullin: shi ta kawo ranar ganin ɗakina, don gurbin baƙo. Kunyarsa ba ta sake ni ba har yau. Yana hannuna, amma duk gidan nan siminti ne, babu bangon da zai karɓe shi.