Gawon Tsakar Gidanmu

Wata Talata ce a ƙarshen Nuwamba na 1984. Na dawo daga lakwal, wato makaranta, da rana tsaka, na tarar mata sun shige ɗaki, wani baƙon mutum kuma yana tsakar gidanmu ya rungume gawo. Hannuwansa ba su haɗu ba. Ya saki, ya zagaya gindin da igiya, ya ƙulla alama, ya ja baya yana kallon sama yana motsa baki. Baba na tsaye gefe, hannuwa a baya. Sai da baƙon ya fita Inna ta gaya mini ƙasa-ƙasa cewa masassaƙi ne daga Garagumsa, turame da akusa yake yi, kuma ya ce zai ba da buhu biyu na dawa a bakin itacen.

Gawon ya girmi gidan. Wurin gonar kakana ce a gefen Kara-Kara kafin gari ya cinye ta, da aka zo gini sai aka ja katanga aka bar shi a tsakiya. A ƙarƙashinsa ake surfe da daka, nan Kaka ke ɗaure awakinta bakwai, nan ƙannena ke carabke har ƙaya ta soki wani a yi kuka a koma. Nan Baba ke fito da keken ɗinkinsa in zafi ya hana zaman shago. Ni ba mai wasa ba ce. In na gama jidar ruwa daga famfon unguwa, inda mukan yi layi tun safe da tulu da garwa, sai in hau wata saiwa da ta fito kamar kujera in buɗe littafi. Gawo itace ne mai halinsa: da damina, lokacin da kowa ke kore, shi zubar da ganye yake, sai ruwa ya ɗauke ya yi lif. Kaka takan ce, "Gawo mai kunya ne, ba ya cin abinci tare da hatsi." Tun ina aji uku Mushe, malaminmu, ya ce kowa ya zaɓi itace ɗaya ya riƙa lura da shi. 'Yan ajinmu sun manta bayan mako guda. Ni kuwa na ware shafin bayan kayena, littafin rubutuna, duk shekara ina rubuta ranar da ganyen farko ya fito da ranar da 'ya'ya suka fara faɗowa.

A wannan shekarar shafin ya zauna fari. Gonarmu ta Gaffati ko kara ba ta ba da na kirki ba, dangi suka zo daga can suka cika zaure, tuwo ya koma sau ɗaya a yini. Ba mai kawo ɗinki, don wanda bai ci ba ba ya tunanin riga. Oktoba ta wuce, Nuwamba ta raba, gawo na tsaye tsirara. Awaki suka koma cin kwali. Duk wanda ya shigo sai ya ɗaga kai ya ce, Allah sarki, wannan ma ya tafi.

Abin da ya tsaya tsakanin Baba da buhunan nan doka ce. Ba a sare gawo ko da a cikin gidanka yake, sai da takarda daga ofishin gandun daji, su kuwa ba sa ba da ita sai ga itacen da ya mutu. Baba ya yi ta mita: "Gida nawa, ƙasa tawa, inuwa kuma ta gwamnati." Kaka ta ce ya gode wa Allah da takarda kawai ake nema, don a zamanin sarakunan Damagaram na da, mai saran gawo da wuyansa yake biya. Ita ma ba ta hana ba. Ta ga jikoki suna lasar ƙwarya.

Ni kaɗai ce mai iya rubuta Faransanci a gidan, don haka ni aka ba aikin wasiƙar neman izini. Kafin in fara, na kife turmi na hau, na kai hannu ga reshen da ya fi kusa, na kankare ɓawon da rezar da nake fiƙe fensir. Ƙarƙashinsa kore ne shar, da danshi. Na daɗe a kan turmin nan. Na sauko na zauna na rubuta abin da Baba ya faɗa, cewa itacen ya bushe, ya mutu. Sau uku ina sake kwafewa.

Ma'aikacin gandun dajin ya zo ranar Alhamis, ranar da ba mu zuwa lakwal, a kan wata tsohuwar mobilet, ɗan ƙaramin babur. Dattijo ne ramamme, da gani ya gaji da kallon matattun itatuwa. Ya dubi gawon sau ɗaya, ya ɗora takarda a cinya ya fara cikewa. Da ya zo wani layi sai ya tambayi wanda ya rubuta wasiƙar. Baba ya nuna ni da alfahari, ya ƙara da cewa har littafi nake da shi na kwanakin itacen.

"To, 'yata, kin hutar da ni," in ji ma'aikacin. "Tun yaushe ya mutu? In sa a nan."

Ban iya ƙirƙiro rana ba. Hannu kawai na ɗaga na nuna reshen. Ya tashi ya hau turmin, ya zaro wuƙa ya kankare kusa da inda na kankare. Ya sauko ya ninke takardar, ya miƙa wa Baba da hannu biyu.

"Malam, fari ne ya sa shi jinkiri. Kowa zai ɗauka ya mutu. Busassun rassan sama ku sauke ku yi girki da su, amma gindin a bar shi."

Ya hau mobilet ɗinsa ya tafi, na gode masa a raina da bai kunyata Baba a gaban danginsa ba. Inna ta yi kwana biyu ba ta dube ni ba. Dawar ba ta zo ba, kuma mun ji rashinta a cikinmu. Bayan mako guda Baba ya ɗaure kan kekensa a buhu zai tafi cin rani Kano, shi da bai taɓa kwana a wajen Damagaram ba. Na ɓuya bayan rumbu ina jin laifin tafiyar nan nawa ne. Ya zo ya same ni, ya tsuguna. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka ba ya faɗarsa.

"Uwata, tunda ke kika san kwanakinsa, ranar da ya yi ganye ki rubuto mini."

Kwana goma sha tara bayan tafiyarsa na ga ɗigon kore a reshen gabas. Na rubuta masa a ranar, na ba direban da ke zuwa Kano. 'Ya'yan da gawon ya yi ba su da yawa, mun riƙa tsince su ɗaya-ɗaya kafin awakin maƙwabta su leƙo. Cikin awaki bakwai na Kaka biyu suka rayu, da nononsu aka yaye autanmu. Baba ya dawo gab da shuka, ya rame, bai taɓa tayar da maganar ba har ya bar duniya.

Yanzu an shafe tsakar gidan da siminti, 'ya'yan ƙanena ne ke wasa a wurin, ba su san ana tsintar komai a ƙasa ba. Dokar tana nan, amma na ji wasu sun samo mata hanya: su zuba wa itace baƙin mai a gindi, su jira shekara, su je su nemi takarda ba tare da sun yi ƙarya ba. In na je gida nakan zauna a inuwar gawon in tuna mutumin da ya tafi neman abinci a garin da bai sani ba, bai taɓa ɗora mini laifi ba. Ni aka yaba wa gaskiya, amma Baba ne ya ɗauki nauyinta.