Abin da Bai Kwanta wa Misbahu Ba

Ranar Talata, 15 ga Afrilu, 2025, Allah ya yi wa abokin aikina Misbahu Dogara rasuwa a nan Kafanchan, bayan gajeriyar jinya. Ina coci ana shirin Ista ƙanwarsa ta kira ni. Kafin na iso har an kai shi makwanci.

Misbahu, mu biyu ne kawai a ɗan ofishinmu, muna gina manhajar da manoman citta ke aiko da hoton ganye don a gaya musu ko ruɓa ta kama gona. Ni na karanta kwamfuta a jami'a, ba na yarda da abu sai lissafi ya tabbatar. Kai kuwa a rumfar mahaifinka ka tashi, cikin buhunan citta, ka koyi rubuta manhaja da kanka. Kana kirana Farfesa, kuma na san ba yabo ba ne.

Dokarmu ɗaya ce: ba a sakin aiki sai mu biyun mun ce to. Wallahi mun sha musu a kan wannan "to" ɗin! Na tsara cewa kowane manomi lambar waya ɗaya, gona ɗaya. Ka yi dariya ka ce, "Farfesa, a ƙauyen Nok waya ɗaya ce ta gida duka, har da maƙwabta." Ka goya ni a babur muka je, na gani da idona. Wata rana kuma ni na zana maka a allo cewa idan mutum biyu suka aiko hoto lokaci guda, amsar wannan za ta tafi wa wancan. Ka ce ba ka taɓa gani ba. Ka zauna ka bi zanen daki-daki, sannan ka ce, "Ka ci wannan." Ba ka jin kunyar a kayar da kai, ni ne mai kumburi.

Lokacin da matata Joanna ta kwanta asibiti, kai ka riƙe aikin duka, kullum kuma sai ka biyo da kunu daga gidanku. Ba ka taɓa ambata wannan ba ko da muna faɗa.

Yanzu ga sabon aikin da muka yi wa manoma alkawari kafin shuka. Duk gwajin da na rubuta ya ci. Ranar ƙarshe da ka zo ofis, ka daɗe kana latsa wayar da muka ɗora sabon aikin a kai, ka ce, "Akwai abin da bai kwanta mini ba." Na ce mene ne? Ka ce, "Ban sani ba tukuna. Bari zazzaɓin nan ya sake ni."

Misbahu, na bi aikin layi-layi, ban ga komai ba. In na sake shi, wataƙila wani ya tuge gona mai lafiya a kan maganarmu, ko ya bar mai ciwo. In na riƙe, ga ruwa ya fara sauka. Duk wanda na tambaya sai ya ce ai ni ne masani, in yi yadda na gani. Ban taɓa jin kaɗaici irin wannan ba, a ce babu mai musa mini.

Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifinka Alhaji Dogara, da matarka Raliya, da ƙanwarka Fatimatuzzahra'u. Allah ya ba ku haƙuri, ya raya abin da ya bari. Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya sa ka huta.

Ban saki aikin ba. Gobe zan ɗauki wayar in tafi Nok ni kaɗai, in miƙa wa manoma in zuba ido, ko da yake ban san abin da zan duba ba.